Samanja Mazan Fama: Ɗan Wasan Hali, Hausar Bariki da Tarihin Talla a Arewa

A cikin masu sana'ar wasan kwaikwayo akwai wani rukuni da marubuta tarihi ba su cika tsayawa a kansa ba, ko da yake shi ne ya fi zama a bakin jama'a, wato rukunin 'yan wasan da ba a san su da fitowa a matsayin jaruman labari ba, sai dai da riƙe hali guda, da shiga guda, da salon magana guda, har masu kallo su manta da sunansu na yanka su koma kiran su da sunan wasa. Irin wannan mutum, wanda za a iya kira ɗan wasan hali, shi ne ya riƙe wasan kwaikwayon Hausa na rediyo da talabijin tun daga shekarun 1960 har zuwa bayyanar finafinan bidiyo a Kano a 1990, kuma shi ne wanda hukuma da 'yan kasuwa suka fi bukata duk lokacin da suke da saƙon da suke so ya shiga kunnen talaka. Dalili kuwa shi ne talla ba ta da dogon numfashi, cikin daƙiƙa talatin ko sittin ake so a gama magana, saboda haka ba ta da sararin kawo baƙuwar fuska ta jira mutane su saba da ita. Abin da mai talla yake saye a wurin ɗan wasan hali shi ne sabon da ya riga ya ƙullu tsakaninsa da jama'a a tsawon shekaru.

Daga cikin 'yan wannan rukuni da wuya a sami wanda rayuwarsa ta fi bayyana yadda sana'ar take kamar Usman Baba Pategi, wanda duk Arewa ta sani da Samanja Mazan Fama. Wurin da ya fi dacewa a tsaya a dubi aikinsa kuma shi ne ƙasar Zuru ta jihar Kebbi, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Zuru da Fakai da Danko-Wasagu da Sakaba, wannan ta ƙarshe mai hedikwata a Dirin Daji, kusa da iyakar jihar Neja. Ƙasa ce da aikin soja ya shiga gidajenta tun zamanin Turawa, don haka abin da mutumin Kano ko Katsina yake kallo a matsayin baƙon hali mai ban dariya, a wurin mutumin Dirin Daji halin kawunsa ne, ko na maƙwabcinsa da ya dawo gida yana jiran fansho.

Haɗa wasa da talla ya girmi rediyo a ƙasar Hausa. A fada akwai sankira, wanda aikinsa shi ne ɗaga murya ya isar da maganar sarki da kirarin manya, akwai mai shela da ke zaga unguwanni yana sanar da umarnin hukuma, sannan akwai wawan sarki da aka yarje wa ya faɗi abin da wani ba zai iya faɗa ba muddin ya lulluɓe shi da raha. A kasuwa akwai 'yan kama, masu barkwanci da ke kwaikwayon malamai suna juya karatu ya koma zancen tuwo da miya, da 'yan gambara masu kiɗa da zambo, kowanne da shigar da ake gane shi da ita tun daga nesa. Tashe ma, wato wasannin da yara da samari suke yi gida-gida da dare daga goma ga watan azumi, a kan sanannun halaye ya ginu, kuma ɗaya daga cikin fitattun wasanninsa, Jatau Mai Magani, kwaikwayon mai talla ne tsantsa: yaro ya rataya layu da ƙulle-ƙullen saiwoyi da sassaƙe, ya baje su a tsakar gida, ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana lissafa cututtukan da kowanne yake warkarwa, 'yan amshi suna karɓa masa, matan gida suna dariya domin sun san ainihin wanda ake kwaikwaya. Wannan mutumin yana nan har yau a kasuwannin karkara, illa dai ya ɗaura lasifika a kan tsohuwar mota, kuma har gobe ba ya fara sayar da ƙullin magani sai ya tara jama'a da labari da ban dariya tukuna.

Turawan mulkin mallaka sun gane amfanin wannan hanya da wuri, kuma majigi ne ya zama kayan aikinsu. Majigi sinima ce ta tafi-da-gidanka wadda hukuma take aikawa garuruwa da ƙauyuka kyauta: mota ta iso da la'asar ta tsaya a ƙofar fada ko a filin makaranta, a kafa farin ƙyalle, a tayar da injin wuta bayan sallar isha'i, sannan tafinta ya riƙe lasifika yana bayyana wa jama'a abin da hoton yake nufi, yana ƙara gishiri gwargwadon basirarsa. Gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka a 1939, daga baya gwamnatin Jihar Arewa ta ci gaba da aikin da nata ma'aikatan. Finafinan sun shafi tsafta da rigakafi da biyan haraji da noman zamani, kuma da yawansu an gina su a kan mutum biyu, ɗaya ya bi shawarar malamin gona ko duba-gari ya ci riba, ɗayan ya yi taurin kai ya tafka asara. Baban Larai, fim ɗin da aka yi domin ƙarfafa noman auduga, shi ne wanda ya fi daɗewa a bakin dattawa, kuma abin lura a nan shi ne sunan mutumin cikin labarin suka riƙe, sunan ma'aikatar da ta biya kuɗin aikin kuwa tuni ya bi iska.

A 1959 aka buɗe gidan talabijin na farko a Najeriya a Ibadan, a 1962 kuma gwamnatin Sardauna ta kafa kamfanin watsa labarai na Arewa a Kaduna, wanda ya haɗa rediyo da talabijin. Talabijin ɗin bai wuce manyan birane ba a shekarun farko, domin yana bukatar wutar lantarki da akwati mai tsada, amma Rediyon Kaduna, wanda ake kamawa a gajeren zango da akwati mai batir, ya isa rugar Fulani da bukkar gona da rumfar mai shayi. Saboda haka a wurare irin su Dirin Daji, inda wuta da hoton talabijin suka yi jinkirin zuwa, da kunne aka fara sanin 'yan wasan Kaduna kafin ido ya gan su. Wannan ya yi tasiri a kan sana'ar kanta, domin a rediyo ba a ganin riga ko gemu, murya ce kaɗai take ɗaukar nauyin hali, kuma ɗan wasan da ba a iya gane shi daga kalmarsa ta farko ba ya daɗewa. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, irin su Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, waɗanda aka ji a rediyo aka kuma buga su littafi, da Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, su ne suka zama makarantar da 'yan wasan wannan zamani suka koyi yadda ake gina mutum da murya.

An haifi Usman Baba Pategi a 1942 a garin Pategi da ke gaɓar kogin Kwara, cikin jihar Kwara ta yanzu, a gidan sarautar Nupawan garin. Ya bar gida ya tafi Kaduna, wadda a lokacin ita ce cibiyar mulkin Arewa kuma matattarar duk wani saurayi mai ilimin boko da ke neman aiki, ya yi aiki a gidan watsa labarai, ya shiga soja a shekarun 1960, sannan ya ƙarasa rayuwarsa ta aiki a matsayin mai shiryawa da fitowa a wasannin kwaikwayo na rediyo da talabijin a Kaduna. Wasan Samanja ya fara fita a farkon shekarun 1970, jim kaɗan bayan yaƙin basasa, kuma ya ɗauki shekaru masu yawa yana tafiya. Abubuwa biyu a wannan taƙaitaccen tarihi suna da nauyi a kan abin da ya biyo baya. Na farko, mutumin da ya fito da samanja a wasa ya sa kaki da gaske, ya tsaya a fareti da gaske, don haka bai samo halin daga jita-jita ba. Na biyu, Banufe ne, Hausa ba ita ce harshen gidansu ba, kuma hakan, wanda wani zai ɗauka tawaya ce ga ɗan wasan Hausa, shi ne ya zama jarinsa.

Samanja muƙami ne a aikin soja, shi ne ƙololuwar da ƙaramin soja yake kaiwa ba tare da ya zama hafsa ba, bayan ya bi ta kurtu da kofur da saje. Aikinsa shi ne horo da tarbiyya: shi ke duba ko kaki ya sha guga da sitaci, ko takalmi yana walƙiya, ko aski ya yi, shi ke tsayawa a filin fareti da sanda a hammata yana daka tsawa, shi ke tura mai laifi gadurum, wato ɗakin da ake tsare soja a bariki. Matsayinsa na tsakiya ne, kuma a nan dariyar take. A gaban kurata shi ne zaki, ba mai tari idan yana magana, amma da zarar wani ƙaramin laftana, wanda watakila bai kai ɗansa a shekaru ba, ya ɓullo daga ofis, dole ya ƙame ya sara masa. Idan ya koma gida kuma sai ya tarar da wata hukumar da ba ta san oda ba, ga rikicin iyali, ga bashin kasuwar mami, ga 'yan'uwa daga ƙauye da suka ɗauka duk mai kaki attajiri ne. Pategi ya gane cewa mutum mai iko a ƙasa, marar iko a sama, wanda bai yi zurfi a boko ba amma dole ya yi mu'amala da takardu da Turanci kullum, rijiya ce ta labari wadda ba ta ƙafewa, kuma ya ɗebi ruwanta shekara da shekaru.

Harshen da ya yi wasan da shi yana da nasa tarihin. Tun lokacin da Lugga ya haɗa rundunar sojan Afirka ta Yamma a 1897, Hausa ce harshen da ake ba da umarni da ita ga ƙananan sojoji, har ana bukatar hafsoshin Turawa su koye ta, alhali da yawa daga cikin sojojin ba Hausawa ba ne. Daga wannan cuɗanya aka sami abin da masana harshe suke kira Barikanci, wato Hausar bariki, wadda ta sassauta ƙa'idojin da Bahaushe yake kiyayewa: ba ta damu da bambanta namiji da mace a wakilin suna ba, tana iya cewa "ya zo" ga mace, ba ta rarrabe baƙaƙe masu ƙugiya da marasa ƙugiya, sannan ta cika da kalmomin umarni na Turanci da baki ya tauna ya sake su. Samanja ya haɗa wannan Hausa da Turancin soja da ɓarin baki na mai son nuna ya iya, yana tsallakawa daga wannan zuwa wancan a cikin jimla guda. Ya kamata a yi adalci a nan, domin yin karyayyar Hausa da gangan, a kan ƙa'ida guda, mako bayan mako, ba tare da ta koma shirme ba, ya fi yin tsayayyar Hausa wuya, kuma 'yan wasan baya da suka ɗauka ɓata harshe kawai ya isa ya ba da dariya sun nuna girman bambancin.

A ƙasar Zuru wannan harshe ba baƙo ba ne. Mutanenta, Lelna da Hausawa suke kira Dakarkari, da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Acifawa da sauransu, kowa da harshensa, da Hausa suke haɗuwa a kasuwa, kuma sun daɗe suna ba da 'ya'yansu ga aikin soja. Turawa sun ɗauki samarin yankin da yawa, an tafi da wasunsu har Bama a yaƙin duniya na biyu, kuma masu bayani kan wannan al'amari sukan danganta juriyarsu da al'adar golmo, inda saurayi yake yi wa surukansa noma na shekaru kafin a ba shi mata, da kuma kokawa da farauta. Ko wannan bayani ya isa ko bai isa ba, domin rashin wasu hanyoyin samun albashi ma yana da nasa kaso, sakamakon a fili yake: daga wannan ƙasa aka sami Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, wanda ya yi gwamnan soja na jihar Bauchi daga 1984 zuwa 1985 kafin ya zama Sarkin Zuru, da Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, a ƙarƙashinsu kuma akwai ɗimbin saje-saje da samanjoji da ba a rubuta sunayensu a littafi ba. Mai sauraro a irin wannan gari yana da ma'aunin da wasu ba su da shi, domin ya san yadda tsohon soja yake tashin yaransa da asuba, da yadda yake jera takalma, da yadda Hausarsa take rikiɗewa idan ransa ya ɓaci, kuma wasan da zai gamsar da shi sai wanda ya fito daga cikin barikin.

Lokacin da wasan ya bayyana shi ma yana da muhimmanci. Kafin yaƙin basasa sojan Najeriya bai wuce kimanin dubu 10 ba, amma da aka kai 1970 ya kai kusan dubu 250, kuma da yake babu barikokin da za su ɗauke su duka, sojoji da yawa sun zauna a gidajen haya cikin gari, suna gogayya da farar hula a kasuwa da tasha da bakin famfo, abin da ba kullum yake ƙarewa lafiya ba. Ga shi kuma soja ne ke mulkin ƙasa. A cikin wannan yanayi, wasan da yake nuna soja a matsayin mutum mai iyali da bashi da kuskure, wanda ake iya yi wa dariya ba tare da an sha gwale-gwale ba, ya yi wa rundunar aikin da babu wata sanarwar gwamnati da za ta iya yi mata. Idan aka ce Samanja talla ce, to babbar hajarsa ita ce kakin kansa. Sai dai wasan yana da iyakar da bai tsallake ba, domin dariyar a kan samanja da kurata take tsayawa, ba ta hawa sama ta taɓa masu taurari a kafaɗa da ke zaune a gidan gwamnati, kuma a gidan watsa labarai mallakar hukuma, a zamanin mulkin soja, ba a sa ran ta hau.

Hukuma ita ce babbar mai ba da talla a waɗannan shekaru, kuma kayan da take tallatawa manufofinta ne. A Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, a Janairun 1973 naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, a 1976 aka ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare kyauta da shirin ciyar da ƙasa, kuma kowanne daga cikin waɗannan yana bukatar a bayyana shi ga jama'ar da yawancinsu ba sa karanta jarida. Mawaƙa da 'yan wasa aka ɗora wa nauyin, har kalmar faɗakarwa ta zama tamkar sunan sana'ar. Bayan gwamnatin tarayya ta haɗe gidajen talabijin a ƙarƙashin NTA a 1977, ta kuma mayar da Rediyon Kaduna reshen rediyon tarayya a 1978, kowace tasha ta fito da nata gwanin: Sakkwato, wadda Zuru take ƙarƙashinta daga 1976 har zuwa ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991, tana da Golobo da wasan Idon Matambayi, Jos tana da Karkuzu, Kaduna, ban da Samanja, tana da Ƙasimu Yero na Karambana, Kano kuma ta fito da Kuliya Manta Sabo. Kaɗan ne daga cikin masu kallo za su iya faɗin cewa sunan Golobo Shehu Jibril, ko sunan Karkuzu Abdullahi Shu'aibu.

Kamfanoni sun shigo ne ta ƙofar ɗaukar nauyin shiri, wato su biya kuɗin wasa a ambaci sunansu a farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa. Misalin da ya fi fice shi ne Cock Crow at Dawn, wasan Turanci da NTA ta fara nunawa a 1980 daga yankin Jos, wanda bankin UBA ya ɗauki nauyinsa domin jawo hankalin jama'a ga noman zamani, kuma Ƙasimu Yero ya fito a cikinsa a matsayin Gaga, dattijo mai gardama da sabon abu, wato dai mutumin nan mai taurin kai na finafinan majigi ya dawo cikin sabuwar riga. Misalin ɗan wasan da talla guda ta canza wa suna kuwa ya zo a zamanin Buhari da Idiagbon, waɗanda suka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984: Enebeli Elebuwa ya fito a wata gajeruwar sanarwar talabijin a matsayin Andrew, matashin da ya gaji da rashin wuta da ruwa ya ɗauki jaka zai bar ƙasar, ana rarrashinsa ya tsaya. Elebuwa ya yi finafinai masu yawa bayan haka, amma har ya rasu a 2012 Andrew ake ce masa, sunan kuma ya zama laƙabin duk mai shirin tserewa waje.

Tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Babangida ta shigo da shi a 1986 ya sauya lissafin gaba ɗaya, domin an rage wa gidajen watsa labarai kuɗin da suke samu daga baitulmali aka ce su nemi na kansu, sannan a 1988 aka kafa hukumar kula da sana'ar talla, a 1992 kuma aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tashoshi. Daga nan darajar shiri ta koma kan yawan idon da zai iya tara wa mai talla, kuma manyan masu talla a Legas suke. A ƙarshen shekarun 1980 aka ɗauki Samanja aka sa shi a jerin shirye-shiryen da ake nuna wa ƙasa baki ɗaya, aka kuma karkata harshensa zuwa Turancin buroka domin mutanen Kudu su fahimta. Ɗaukaka ce babu shakka, kuma ta sa an san Pategi a Inugu da Ibadan, amma tana da farashi, domin rabin daɗin wasan yana cikin tazarar da ke tsakanin Hausar da mai sauraro ya sani da wadda Samanja yake yi, kuma wannan tazara ba ta bin mutum zuwa wani harshe.

Ta fuskar abin duniya sana'ar ba ta yi wa masu ita abin kirki ba. Yawancin 'yan wasan wancan zamani ko dai ma'aikatan gidan rediyo ne masu albashi, ko kuma masu wata sana'ar da ake biya ladan fitowa sau ɗaya, kuma da zarar an naɗi wasa ya zama mallakar tasha, ta maimaita shi sau nawa ta ga dama ba tare da wani kaso ya koma ga wanda ya yi shi ba. Ga kuma tarkon da ke cikin nasarar kanta, domin duk ɗan wasan da jama'a suka karɓa a hali guda ba sa yarda su gan shi a wani, idan ya fito a matsayin alƙali ko liman sai a fashe da dariya tun bai buɗe baki ba. Ƙasimu Yero yana cikin ƙalilan da suka iya kuɓuta daga wannan tarko, saboda ya yi wasa da Hausa da Turanci, na raha da na natsuwa, har da Magana Jari Ce da aka mayar wasan talabijin. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne tsadar kaset ɗin naɗar hoto a lokacin, wadda ta sa tashoshi suka riƙa goge tsohon shiri su naɗi sabo a kai, ta yadda abin da ya tsira daga wasannin shekarun 1970 da 1980 bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da yawan abin da aka yi.

Finafinan bidiyo, waɗanda suka fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, sun fitar da ɗan wasa daga ƙarƙashin hukuma suka kai shi kasuwa, kuma ta hanyar gidajen kallo masu janareto suka isa garuruwan da hoton NTA bai taɓa zama da kyau ba. Magajin 'yan wasan hali a wannan zamani shi ne Rabilu Musa, wanda shi ma ya sa kaki a matsayin gandiroba kafin ya zama Ibro, kuma ya gano hanyar zagaye tarkon da ya kama magabatansa: ya bar halin yadda yake, ya riƙa sauya masa sana'a da riga daga fim zuwa fim, sunan Ibro yana gaba sabon laƙabi yana biye. Ya rasu a Disambar 2014. A daidai wannan tsakani wayar salula, wadda ta shigo a 2001, ta haifar da masu talla mafi kuɗi da ƙasar ta taɓa gani, su kuma suka zo da tsarin jakadanci, wato kamfani ya ƙulla yarjejeniya da fitaccen mutum na tsawon shekara ko fiye, ya riƙa amfani da fuskarsa a allunan titi da talabijin, kamar yadda Glo ta yi da Ali Nuhu da Sani Danja. A nan jarumi ne ake nema, mai kyan fuska da farin jini, ɗan wasan hali kuma ya koma gefe.

Duk da haka tallar da ta fi kowace tayar da ƙura a wannan fanni ɗan wasan hali ne ya yi ta. Hafiz Oyetoro, malamin koyar da wasan kwaikwayo a wata kwalejin ilimi a Legas wanda aka fi sani da Saka, ya daɗe yana fitowa a tallace-tallacen Etisalat, mai launin kore. A Afrilun 2013, lokacin da aka fara ba masu waya damar sauya kamfani ba tare da sun rasa lambarsu ba, sai ga shi a talabijin ya juya baya cikin kaya masu kama da kore, hasken dandali ya sauya, ya juyo, kayan suka bayyana rawaya irin ta MTN, yana rawa yana shelar ya ƙaura. Babu wani dogon bayani a cikinta, domin masu kallo sun riga sun san inda ya fito, kuma wannan sanin shi ne duk abin da aka saya.

Ƙasimu Yero ya rasu a Kaduna a Satumbar 2017, Usman Baba Pategi kuma ya rasu a can a Nuwambar 2023. Sana'ar da suka bari ta koma cikin waya, inda matasa masu gajerun wasannin barkwanci a Facebook da TikTok suke riƙe hali guda, ɗan ƙauye ko boka ko ɗan sanda, suna cusa tallar shago ko ta maganin gargajiya a tsakiyar wasan, su ne marubuta, su ne masu ɗaukar hoto, su ne kuma masu karɓar kuɗin kai tsaye ba tare da tasha ta shiga tsakani ba. A kasuwannin karkara, inda sabis ɗin intanet yake da rauni, masu shagon cajin waya ne suke tura wa mutane waɗannan wasanni a katin ajiya a kan kuɗi kaɗan. A 2022 aka yi sabuwar dokar talla wadda ta sauya tsohuwar hukumar 1988 da wata mai suna ARCON, ta faɗaɗa ikonta har ya haɗa da tallace-tallacen da ake yi a intanet, kuma daga 1 ga Oktoba na wannan shekara hukumar ta hana amfani da fuskoki da muryoyin baƙi 'yan ƙasashen waje a duk tallar da ake nufin 'yan Najeriya da ita.